Gurara ko Ushafa: ina za a kai yara ranar Asabar?

'Yar'uwa, kin tambaya ina za ki kai yara su sha iska a wajen Abuja ba tare da aljihu ya ji jiki ba, kin ce wasu sun ba ki shawarar Gurara, wasu kuma Ushafa. Duka biyun na je. Abin da zai raba miki gardama shi ne shekarun yaranki da kuma ko kina da mota.

Gurara, inda ruwan kogi ke zubowa daga kan duwatsu, tana jihar Neja, a kan hanyar Suleja zuwa Minna. Ki ware awa ɗaya da rabi zuwa biyu, don manyan motoci kan tsayar da hanya tsakanin Zuba da Suleja. Kuɗin shiga ba shi da yawa, mai ne ke cin kuɗi, shi ya sa ya fi sauƙi ku haɗu gida biyu a mota ɗaya. A hanya za ki samu Dutsen Zuma kyauta. Idan kin iso Madalla ki ciro tsohuwar takardar naira 100, ki ba yara su duba bayanta, sannan su ɗaga kai. Ƙaramin ɗana har yau yana ba da labarin fuskar mutum da ya gani a jikin dutsen.

Ruwan Gurara yana zubowa daga tsayin kusan mita 30, amma na damina daban, na rani daban. A Agusta da Satumba ja ne da laka, tun daga inda kika ajiye mota kina jin rugugin sa, feshinsa kuma yana jiƙa mayafi. Abin kallo ne na gaske, sai dai duwatsun santsi gare su, ni kam ba zan sauka da yaron da bai kai shekara goma ba a lokacin. Daga Janairu zuwa Maris ruwan ya ja baya, ya rabu gida-gida, ya yi garau. Nan ne ake sauka ƙasa a shimfiɗa tabarma a buɗe kular abinci. Ko da rani, don Allah kada ki bar yaro ya shiga ruwa.

Ushafa kuwa ƙauye ne a cikin ƙaramar hukumar Bwari, ta Dutse Alhaji ake bi, kuma motar haya ma tana kai ki. Babu rugugi a nan, akwai aikin hannu. Matan Gwari ne ke gina tukwane da tuluna, za ki ga yumɓu yana tashi a hannun tsohuwa har ya zama randa tana hira abinta. Idan kin yi gaisuwa da kyau kika sayi ko kasko ɗaya, sukan bar yara su taɓa. Ƙauyen ne Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agustan 2000. Kusa da shi akwai madatsar ruwa ta Usuma, inda ruwan famfon Abuja ke fitowa, duwatsu sun kewaye ta. Da yake ruwan sha ne, akwai masu gadi, ba a wanka, kuma gara ki tambayi ƙa'idar shiga kafin ki tashi daga gida.

Idan yaranki ƙanana ne, ko babu mota, ki zaɓi Ushafa, rabin yini ya ishe ki. Idan sun tasa, Gurara ta fi tsayawa a rai, na fi son ta nesa ba kusa ba.

Abu ɗaya nake roƙonki. Yankin Bwari ya sha fama da masu garkuwa da mutane a farkon 2024, hanyar Minna ma ba ta tafiyar dare ba ce. Ki tambayi wanda ya bi hanyar a makon nan, ki fita da hantsi, ki yi azahar a can, la'asar ta same ki kin kama hanyar gida.