Spotify ko Audiomack: wanda ya fi dacewa da mai neman sababbin albam

Ɗan'uwa, tsakanin manhajojin sauraron waƙa na Spotify da Audiomack da ka tambaya, shawarata ita ce ka ɗauki Spotify ka biya kuɗin wata, muddin sababbin albam na rock da pop da hip-hop kake son ka riƙa ganowa kana sauraronsu tun daga waƙar farko har ta ƙarshe. Dukansu biyun suna cikin wayata, amma ɗaya ce nake buɗewa da niyyar neman abin da ban taɓa ji ba, ɗayar kuwa sai idan wani ya turo mini mahaɗar wata waƙa nake tunawa da ita.

Abin da ya fi rinjayata shi ne yadda Spotify take tafiya kafaɗa da kafaɗa da ranar fitar albam. Tun daga ranar 10 ga Yulin 2015 kamfanonin waƙa na duniya suka daidaita a kan cewa ranar Juma'a za a riƙa sakin sababbin ayyuka, alhali kafin nan Birtaniya ranar Litinin take fitarwa, Amurka kuma ranar Talata. Saboda haka duk Juma'a manhajar tana haɗa maka jerin da ake kira Release Radar, inda za ka tarar da sababbin waƙoƙin mawaƙan da kake bi da na waɗanda salonsu ya yi kusa da nasu. Ranar Litinin kuma akwai Discover Weekly, wanda aka fara a 2015, waƙoƙi 30 da galibinsu ba ka taɓa saurara ba. Ba tsafi ake yi ba wajen zaɓo su. Manhajar tana lura da waƙar da ka ji har ƙarshe, da wadda ka tsallake tun ba ta yi nisa ba, da wadda ka adana, sannan ta gwama da jerin waƙoƙin mutanen da kunnensu ya yi kama da naka. Waƙa ɗaya daga cikin talatin ɗin nan, idan ta kama ka, ita ce ƙofar shiga albam guda, wani lokacin ma ƙofar shiga ayyukan mawaƙin gaba ɗaya.

Ta wannan hanyar na san Mdou Moctar, kuma har gobe ina jin daɗin tuna yadda abin ya faru. A lokacin tsofaffin makaɗan jita na Ingila da Amurka nake ta saurara, sai wata Litinin ina zaune a ƙofar gida bayan sallar isha, da iyafis a kunne, na ji wata jita tana gudu kamar ba yatsun mutum ke kaɗa ta ba, ganga na biye da ita da wani irin taku da jikina ya sani tun kafin hankalina ya gane. Da murya ta shigo sai na ji ba Turanci ba ne, harshen Buzaye ne. Na ciro wayar daga aljihu na duba suna, ashe mutumin Nijar ne, albam ɗin kuma Afrique Victime ne na 2021, wanda kamfanin Matador na Amurka ya fitar. Da na bi diddigi sai na gano cewa aikinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, kuma ta katin memori da turi daga waya zuwa waya waƙoƙinsa suka fara yaɗuwa a yankin Sahara. Daren nan ban kwanta ba sai da na ji albam ɗin har ƙarshe, kuma lokacin da Funeral for Justice ya fito a 2024 ban nemi labari wurin kowa ba, domin a jerin Juma'a na tarar da shi yana jirana. Maƙwabcinmu ne, amma sai da Spotify, manhajar mutanen Suwidin, ta nuna mini shi.

Dalili na biyu ya shafi albam ɗin kansa a matsayin aiki guda. Mawaƙan rock da na hip-hop da yawa ba tara waƙoƙi kawai suke yi ba, jera su suke yi da manufa. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, wanda ya fito a 1973, waƙoƙinsa shiga cikin juna suke yi ba tare da tsayawa ba, good kid, m.A.A.d city na Kendrick Lamar na 2012 kuma labari ne na ƙuruciyarsa a garin Compton na Amurka, da saƙonnin murya na iyayensa a tsakanin waƙoƙi. Irin wannan aiki idan talla ta ratso tsakiyarsa, ko aka hautsina jerin, to ba abin da mai shi ya shirya ka ji ba ke nan. A watan Nuwamban 2021, lokacin da mawaƙiyar Birtaniya Adele ta fitar da albam ɗinta mai suna 30, ta nemi Spotify ta daina sanya hautsinawa a matsayin babban maɓallin kunna albam, kuma aka yi mata. Wanda ya biya kuɗin wata yana jin albam a jere, babu talla, babu giɓi tsakanin waƙa da waƙa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ban taɓa ƙyashin kuɗin ba.

Akwai kuma wani ɗan wuri da mutane ba su cika leƙawa ba. Idan ka danna ɗigo ukun nan da ke gefen waƙa, za ka ga inda aka rubuta waɗanda suka tsara ta da furodusan da ya haɗa kiɗan. A pop da hip-hop bin sunan furodusa ya fi bin sunan mawaƙi saurin kai ka ga sabon abu, domin hannu ɗaya yakan yi wa mutum goma aiki a shekara. Sai dai ka sani cewa Spotify ba ta yin sharhi, kawo maka kawai take yi, kuma idan ka sakar mata ragama za ta yi ta juya ka a cikin abin da ta riga ta san kana so. Maganin wannan shi ne karatu. Mujallar intanet ta Pitchfork tana ba albam maki daga 0.0 zuwa 10.0 tare da dogon bayani, kafar intanet ta Metacritic kuma tana tattara ra'ayoyin masu sharhi da yawa ta fitar da maki ɗaya bisa 100. Ni dai nakan saurara tukuna kafin in karanta, saboda maki yana da saurin toshe kunne, mutum ya ga an ba albam 6 sai ya shiga sauraro yana neman laifi.

Audiomack kuwa ba zan ce ba ta da amfani ba. An kafa ta a Amurka a 2012 domin mawaƙa su riƙa ɗora ayyukansu da kansu, tana bari ka sauke waƙoƙi da yawa kyauta, kuma idan hip-hop na gida kake nema, irin na su ClassiQ da DJ AB da yaran da ke tasowa a Kaduna da Jos da Kano, a can za ka fi saurin cin karo da su. Amma ba domin mai son rock aka gina ta ba, kuma hankalinta ya fi karkata ga waƙar da take tashe a wannan makon fiye da albam cikakke. Ka bar ta a waya tunda ba ta cin kuɗi, iyakar abin da zan ce ke nan.

Na san data ce za ta fara zuwa maka a rai, to ga lissafin. Idan ka saita ingancin sauti a 96 kbps, awa guda tana cin kimanin megabait 43, a 160 kimanin 72, a 320 kuma kimanin 144. Wato albam mai minti 45 a matsakaicin inganci na 160 bai wuce megabait 54 ba, kuma a iyafis irin wanda yawancinmu muke amfani da shi da wuya kunne ya bambance shi da na 320. Dabarar ita ce ka sayi datar dare mai rahusa a daren Alhamis wayewar Juma'a, domin da ƙarfe 12 sababbin albam suke fara bayyana, ka danna alamar saukewa a kan guda uku ko huɗu, ka jira kibiyar ta zama kore, ka kashe data. Daga nan ko a hanyar ƙauye kake za su yi. Sharaɗin kawai shi ne wayar ta hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba abin da ka sauke zai rufe.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma dole in faɗa maka, domin da zarar ka nuna kana sha'awa 'yan damfara za su biyo ka ta akwatin saƙo. Akwai masu tallar Premium, wato tsarin Spotify na biyan kuɗi, na shekara guda ko ma na har abada a kan kuɗin da bai kai na wata biyu ba. Babu wani tsari na har abada. Abin da suke sayarwa ɗayan uku ne: ko asusun wani da aka sace, ko gurbi a tsarin iyali wanda ƙa'idarsa mutum shida ne masu zama a adireshi ɗaya, ko kuma manhajar jabu da za su ce ka sauke ta wata mahaɗa ba ta Play Store ba. Na farko mai shi zai canja kalmar sirri, na biyu za a cire ka ranar da aka nemi tabbatar da adireshi ko ranar da mai sayarwar ya samu wani sabon mai saye, na uku kuma shi ne mafi haɗari, domin ka shigar da abin da ba ka san cikinsa ba a wayar da manhajar bankinka take. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ya nemi kalmar sirrinka, ko lambobin katin ATM, ko lambar da banki ya turo maka ta tes, ka rufe shi nan take, ko da a zauren tattaunawa ɗaya kuka haɗu.

Spotify ta shigo Najeriya da Nijar da Ghana a hukumance tun watan Fabrairun 2021, a lokacin kuɗin wata a Najeriya naira 900 ne, an kuma yi ƙari daga baya, don haka ka duba farashin yau a shafinsu ka biya da katinka kai tsaye ba tare da ɗan tsakiya ba. Idan ɗalibi ne kai, ka nemi rangwamen ɗalibai. Da ka buɗe asusun, ka bi mawaƙa kamar ashirin da ka tabbata kana so, ka adana albam ɗin da suka yi maka, kuma kada ka bar yara su riƙa kunna nasu waƙoƙin da asusunka, domin duk abin da aka kunna yana shiga lissafin abin da za a kawo maka ranar Litinin.