Madubin hangen nesa 8x42: wata uku ina leƙen gidan hankaka

Na hannu na saya a kasuwar Sakkwato, saboda hankakin da suka yi sheƙa a kan giginyar bayan gidanmu. 8x42 na nufin yana ƙara girman abu sau takwas, faɗin gilashin gaba kuma milimita 42 ne. Gilashinsa tas yake, ko da asuba. Igiyar ratayawar kuwa shirme ce, sati biyu ta tsinke, sai da na sa tsumma.

Daga soro na ga abin da ya biya ni kuɗina. Wata tsuntsuwa mai doguwar wutsiya da tukku, fikafikanta da fararen ɗigo-ɗigo, ta faki idon masu gida ta faɗa sheƙar. Ita ce Turawa ke kira kuku (cuckoo), mai saka ƙwai a gidan wani. Nata ƙwan kan riga na hankaka ƙyanƙyashewa da 'yan kwanaki. Ɗanta ba ya turo 'yan gida ƙasa, abincin yake cinyewa, na baya su yi ta ramewa. Na ƙirga baki huɗu, daga baya uku.

Kakata takan yi wa hankaka kirari da "mai da ɗan wani naka". Ashe ɗora masa ake yi.

Madubin yana da nauyi, kuma in hunturu ya taso ƙura takan maƙale a wajen juyawa.