Tawa zuwa Agadas ko Tawa zuwa Yamai, wanne ya fi nisa a jirgi?

Salamu alaikum ƴan gurup. Ƙanena da ka yi tambaya jiya da dare, wai daga filin jirgin Tawa zuwa na Agadas kilomita nawa ne, kuma ko ya kai nisan Yamai, to ga abin da na sani.

A sama kusan kunnen doki ne. Tawa zuwa filin Mano Dayak na Agadas wajen kilomita 370, Tawa zuwa filin Diori Hamani na Yamai shi ma wajen 370 ɗin, bambancin bai taka kara ya karya ba. Kai in ka ɗora zare bisa taswira daga Yamai zuwa Agadas, wajen kilomita 740 kenan, sai ka ga Tawa zaune tsakiya daram. Ƙaramin jirgi mai farfela awa guda ta ishe shi kowanne ɓangare.

A ƙasa ne labari ya sha bamban. Kar ɗin Yamai, wato babbar motar fasinja, ba ya miƙewa, sai ya gangara kudu har wajen Kwanni, ya bi Dogon Dutsi, ya bi Doso sannan ya shiga Yamai, kilomita wajen 550, shi ya sa mu da munka saba da mota muke ganin Yamai can ƙarshen duniya take alhali gudron ne ya yi mana zagaye. Hanyar Agadas ko ta Abalak kusan a miƙe take, 400 da ƴan kai, wato jirgi bai rage maka wani tsawo sosai ba. Abin da yake rage maka wahala ce. Wancan zuwan da na yi, bayan Abalak direba ya riƙa sauka daga gudron yana bin gefe saboda ramu, wata tsohuwa kusa da ni ta rungume kwanon furarta kamar jariri, mun isa gashin ido duk ƙura.

Sai dai fa ka kula, wannan 370 ɗin lissafin jirgin da ya tashi kai tsaye ne. In anka ce maka sai ka koma Yamai ka canza, to ka haɗa 370 da 740, ka wuce 1,100, ninki uku kenan don zuwa garin da ke bayan gidanku, ga zaman jira a fili. Kafin ka biya kuɗin tikiti ka tambaye su wannan ɗin da kyau, kai tsaye ne ko ta Yamai.

Wani abu kuma, in ka duba a intanet ka ga an rubuta 200 kada ka ce na yi maka ƙarya, matuƙa jirgi da mil na teku suke awo, guda ɗaya kilomita 1.852 ne, buga a waya ka gani 370 zai ba ka.

Ni dai in Yamai za ni kuma aljihu da nauyi, jirgi. In Agadas ce kuma sai an bi da ni ta Yamai, gara in yi sammako tasha in nemi kujerar gaba.