A yashe tsohuwar tashar jiragen ruwa ko a gina sabuwa kamar Lekki?

'Yan kasuwarmu masu shigo da kwantena sun dame ni da tambayar nan, wai me ya hana a yashe tsohuwar tashar Apapa ta Legas, wato a tona ƙasan ruwanta ta ƙara zurfi, manyan jirage su shigo maimakon kashe kuɗi a Lekki.

Ta fannin kuɗi yashewa ta fi sauƙi a tashin farko, amma fa ba a gama ta, yashi da laka suna dawowa, sai an yi ta maimaitawa. Lekki kuwa ta ci kusan dala biliyan 1.5 kafin Buhari ya buɗe ta a 2023, zurfinta mita 16.5.

Muhalli ne inda gizo ke saƙa. Lakar ƙasan tsohuwar tasha ta shekara da shekaru tana shan mai da dattin masana'antu, kana tona ta ruwa ya gurɓace, kifi ya gudu, masunta su shiga uku, sannan ga tambayar ina za a zubar da ita. Shi ya sa dole a gwada lakar kafin a taɓa ta. Sabuwar tasha lakarta ba ta kai haka datti ba, amma ita ma sai an yashe, ga raba mutane da filayensu, ga katangar tare igiyar ruwa da ke hana yashi tafiya, gaɓar da ke gaba ta zaizaye. Abin da ya cinye bakin tekun Bar Beach kenan bayan an gina katangu a mashigar jiragen ruwa ta Legas.

Tashar da ke da layin dogo da fili, kuma zurfi kaɗan ya rage mata, yashewa ta ishe ta. Wadda gari ya shaƙe, tireloli sun cika titi, sabuwa ta fi dacewa da ita.