Sharhi: kundin Lateralus na ƙungiyar Tool, da yadda ake saƙa waƙa ba bisa hanyar da aka saba ba

Lateralus ya fito ranar 15 ga Mayu, 2001, daga ƙungiyar Tool ta birnin Los Angeles a Amurka. Waƙoƙi 13 ne a ciki, tsawonsu duka kusan minti 79, wato sun cika faifan CD har baki. A makonsa na farko ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard 200 na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, duk da cewa yawancin manyan waƙoƙinsa sun haura minti bakwai, kuma da wuya gidan rediyo ya sa irin wannan ba tare da ya yanke ba. Na saurare shi a faifai da kuma ta intanet, da iyafis da kuma manyan lasifiku. Hukuncina shi ne yana cikin mafi ingancin abin da aka yi a kiɗan metal (kiɗan jita da ganga mai nauyi da ƙara) mai sarƙaƙiya, wanda masu shi ke kira progressive metal. Amma kundi ne mai sharaɗi, wanda ya saurare shi a gurguje zai ce hayaniya ce kawai.

Mutum huɗu ne a ƙungiyar. Maynard James Keenan ke waƙa, Adam Jones na kan jita, Danny Carey na kan ganguna, sai Justin Chancellor, ɗan Ingila da ya shigo a 1995 bayan tafiyar Paul D'Amour, yana riƙe da jitar bes. David Bottrill ne ya haɗa sautin tare da su. Tsarin aikinsu ma ya bambanta da na yawancin mawaƙa. Makaɗan uku su ne ke shafe watanni suna juya kiɗan a ɗakin atisaye har ya tsaya da ƙafarsa, sai daga baya Keenan ya ɗora murya. Wannan ya sa muryar ba ita ce ke jan ragama ba. Takan shigo a makare, ta yi abin da ya kawo ta, ta ja gefe ta bar kiɗa ya yi minti biyu ko uku shi kaɗai. Wanda ya saba da waƙa mai baiti da amshi, baiti da amshi, zai jira amshin ya dawo yadda ya tafi, kuma sau da yawa ba zai dawo ba. In ma ya dawo, an canza masa nauyi ko ƙidaya.

Ƙidayar ce zuciyar al'amarin, don haka bari in daɗe a kanta.

Kusan duk waƙar da ake ji a rediyo tana tafiya ne a kan bugu huɗu: ɗaya, biyu, uku, huɗu, a koma. Jiki ya san inda za a sauka tun kafin a sauka. A waƙar "Schism", wadda ta ci kyautar Grammy a 2002, jitar bes ce ke buɗewa, kuma zagayenta bugu biyar ne sannan bakwai, biyar sannan bakwai. Jimillarsu 12. A nan ne sabon mai sauraro ke yin kuskure. Kunnensa zai raba 12 ɗin gida biyu daidai, shida da shida, domin haka ya saba. Lissafin zai fita, amma zai riƙa jin kamar makaɗan suna tuntuɓe, saboda nauyin bugun yana sauka wuri ɗaya gaba da inda yake jira. Gyaran yana da sauƙi. A buga tafin hannu a cinya a kan kowane ƙaramin bugu, a ƙirga da baki daga ɗaya zuwa biyar, sannan daga ɗaya zuwa bakwai, ana ƙarfafa "ɗaya" a kowane karo. Bayan zagaye goma ko makamancin haka tuntuɓen zai ɓace, sai a ji rangaji. Kada a yi saurin sakin jiki, domin waƙar tana sauya ƙidaya sau da dama kafin ta ƙare a minti 6 da daƙiƙa 47. Kalmominta kuwa a kan rabuwar kai ne, mutane biyu da suka daina fahimtar juna, kuma kiɗan da ɓangarorinsa biyu ba su kai juna tsawo ba yana faɗin wannan tun kafin mawaƙin ya buɗe baki.

Waƙar da kundin ya ci sunanta, "Lateralus", ita ce aka fi yi wa surutu. Babban kiɗanta yana tafiya bugu tara, sannan takwas, sannan bakwai, kowane zagaye ya fi na bayansa gajarta da bugu ɗaya, sai a ji kamar ana matse igiya. Sunan da suka fara ba ta ma shi ne 9-8-7. Lambar 987 kuwa tana cikin jerin lambobin Fibonacci, jerin da kowace lamba ke fitowa daga haɗa biyun da suka gabace ta: 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, haka har gaba. Keenan ya ɗauki wannan ya auna gaɓoɓin baitinsa na farko da shi. Layin farko gaɓa ɗaya, na biyu ɗaya, sai biyu, uku, biyar, takwas, sannan ya juyo ƙasa, biyar, uku. Masoya ƙungiyar sun mai da wannan abin alfahari, har wasu suna sake jera waƙoƙin kundin bisa lambobi. Shi kansa Keenan daga baya ya nuna bai ɗauki dabarar a matsayin wata babbar hikima ba, kuma ina ganin yana da gaskiya. Kowa na iya ƙirga gaɓa. Abin da ba kowa ke iyawa ba shi ne ya sa ƙirgen ya yi daɗi a kunnen wanda bai san ana ƙirga komai ba. A lura kuma, tara da takwas da bakwai 24 ne, wato takwas sau uku. Shi ya sa mutum zai iya gyaɗa kai a kan bugu madaidaici tun daga farkon zagayen har ƙarshensa, ya kuma tarar da makaɗan suna jiransa a bakin ƙofa.

Wurin da ya fi burge ni a waƙar yana tsakiya, inda komai ya lafa. Bes na maimaita zagaye mai bugu shida, Carey kuma yana kaɗa ƙananan farantan tagullarsa a zagaye mai bugu biyar. Biyar da shida ba sa haɗuwa sai bayan bugu 30. A tsakanin nan suna nesanta da juna sannu a hankali, kamar mutum biyu masu daka a turmi ɗaya da tabaryarsu ta saɓa, sannan su fara kusantowa, har su sauka tare. Ba a ƙara ƙarar komai ba, amma ƙirji na cika. Wannan ita ce sana'ar Tool ta gaskiya: su ɗauki guntun kiɗa ɗaya, su yi ta maimaita shi, suna zame ɗaya a kan ɗaya, suna jinkirta haɗuwar har sai mai sauraro ya matsu. Da aka zo sakin, nauyin jitar da ke biyo baya yana da dalili.

Carey ya yi karatun tabla, gangar Indiya, a wurin Aloke Dutta, kuma yana haɗa gangunansa da faifan bugawa na lantarki. Ana jin wannan sosai a "Reflection", mai minti 11, wadda ganga ke buɗewa ita kaɗai kafin sauran su shigo ɗaya bayan ɗaya. Ita da "Disposition" da ke gabanta da "Triad" da ke bayanta abu ɗaya ne da aka yanka uku, sun haura minti 20 a haɗe. "Disposition" taushi ne zalla, "Triad" kuma ba murya a ciki ko kaɗan.

Ga masu kaɗa jita, yawancin kundin yana kan ɗaurin da ake kira drop D. Ana sassauta tsirkiya ta shida, mafi kauri, daga E zuwa D, sai jerin ya zama D, A, D, G, B, E. Amfaninsa shi ne yatsa ɗaya na iya danne tsirkiyoyi uku mafi kauri ya ba da sauti mai kauri, hannu kuma ya samu sakewar gudu. Jones na amfani da jita ƙirar Gibson Les Paul Custom, Chancellor kuma da bes ƙirar Wal, yana kaɗa ta da ɗan fallen roba maimakon yatsu, abin da ke ba ta wannan ƙarar mai kaifi kamar ƙarfe. Sau da yawa bes ce ke ɗauke da karin waƙar, jita kuma tana yi mata shimfiɗa, akasin yadda aka saba. Kurakuran masu koyo guda biyu ne. Na farko, cika wa jita ƙazamin sauti har bugun ya narke cikin juna. Kiɗan Jones ya dogara ne da kashe tsirkiya da gefen tafin hannu, kowane bugu ya fito a rarrabe, don haka a rage. Na biyu, koyon waƙar da saurinta na asali tun ranar farko. A sa na'urar ƙidayar bugu a rabin saurin, ta buga kowane ƙaramin bugu ba tare da ƙarfafa ko ɗaya ba, domin in aka bar ta a kan huɗu-huɗu za ta riƙa faɗa da zagayen biyar da bakwai. "Parabol" da "Parabola" kuma ba a kan drop D suke ba, ɗaurinsu ya fi haka sauka, wanda ya gwada su da ɗaurin sauran zai yi ta laluben sautin da babu shi a jitarsa.

Yadda ake sauraro ma yana da ka'ida. Lasifikar waya ba ta isa ba. Sautin D mafi ƙasa a jitar bes yana kusan hertz 37 (ma'aunin kaurin sauti ko siririntarsa), na jita kusan 73, ƙaramar lasifikar waya kuwa ba ta fitar da waɗannan, sai a rasa ƙashin bayan kiɗan a saura da kururuwar sama. A nemi iyafis mai kyau ko abin rufe kunne. Waƙoƙin Tool ba su hau manhajojin sauraro irin su Spotify ba sai a watan Agusta na 2019, kuma a can akwai saiti biyu da za a kashe: mai cakuɗa jerin waƙoƙi, da mai narkar da ƙarshen waƙa cikin farkon ta gaba. A kunna wanda ke hana shiru tsakanin waƙoƙi. Dalilin shi ne "Parabol", minti uku na raɗa da jita mai sanyi, wadda ke kumbura a daƙiƙoƙinta na ƙarshe ta fashe kai tsaye cikin "Parabola". Ko rabin daƙiƙa na shiru a wannan gaɓar ya ɓata ta. Kada kuma a ƙara murya a lokacin "Parabol" don ana jin ta ƙasa-ƙasa, abin da ke tafe zai iya cutar da kunne. Faifan garmaho da ya fito a 2005 yana da kyan gani, amma an sauya jerin waƙoƙin don su shiga fuskoki huɗu, aka raba "Disposition" da 'yan uwanta biyu. Na fi ba da shawarar CD, wanda ɗan littafinsa ke ɗauke da zanen Alex Grey a shafuka masu gani-har-hanji, jikin mutum fata bayan fata, jijiya bayan ƙashi.

Kundin yana da rauninsa. "Mantra" da "Eon Blue Apocalypse", kowace minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, gada ce kawai. "Faaip de Oiad" da ke rufe faifan muryar wani mai kiran waya ce a shirin rediyon Art Bell, yana magana a firgice a kan halittun wata duniya, an lulluɓe ta da ƙarar lantarki. Sau ɗaya ta ishi mutum. "Ticks & Leeches" tana da buɗewar ganga mai ban mamaki, amma ihun da ke cikinta da fushinta sun fi kama da Tool ta shekarun baya, ba su zauna daidai tsakanin "Parabola" da "Lateralus" ba. Ihun da ya dace yana can a waƙar farko, "The Grudge", wadda ke tafiya a kan biyar tana magana a kan riƙo da nauyin da yake ɗora wa mai shi. Kusa da ƙarshe Keenan ya ja ihu ɗaya na fiye da daƙiƙa 20 a numfashi guda, bayan minti bakwai ana tara masa itace.

Ya kamata mai saye ya san cewa kalmomin suna taɓo ilimin taurari da wasu ra'ayoyin ruhaniya na Yammacin duniya, waɗanda ba kowa zai aminta da su ba. Ashar ba ta da yawa a nan, amma kundin da ya gabace shi, Ænima na 1996, cike yake da ita, ba na sauraro a gaban yara ba ne.

Wanda bai taɓa jin su ba ya fara da "Schism", sannan "Parabol" da "Parabola" a haɗe, sannan "Lateralus". In waɗannan sun zauna, ya ware minti 79 ya bi kundin daga farko ba tsallake. Fear Inoculum, wanda ya fito a 2019 bayan shekara 13 ba sabon kundi, ya ƙara tsawaita wannan salon, manyan waƙoƙinsa duk sun haura minti goma, "7empest" ma ta kusa 16. A bar shi sai kunne ya iya riƙe biyar da bakwai ba tare da an buga cinya ba.