Sharhi kan maganin ɗigawa na ciprofloxacin da dexamethasone a ciwon ramin kunne mai tsanani

Maganin ɗigawa da ya haɗa ciprofloxacin (mai kashe ƙwayoyin cuta) da dexamethasone (mai rage kumburi) ya yi mini aiki ƙwarai, amma sai da likita ya buɗe masa hanya a cikin kunnen, kuma ina ganin bai dace mai fama da kumburin ramin kunne ya yanke wa maganin hukunci ba kafin ya san haka.

Ba ni da ciwon sukari ko wata larura mai raunana garkuwar jiki, duk da haka ruwan da ya maƙale a kunnena bayan iyo ya ishi ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, har taɓa kunnen ko tauna abinci ya gagare ni. Likitan kunne ya ce ƙwayoyin cutar da ake kira Pseudomonas aeruginosa da Staphylococcus aureus ne suka fi haddasa irin wannan ciwo, kuma sosa kunne da tsinken auduga yana kwashe dauɗar da ke kare fatar wurin.

Ramin ya kumbura har ya rufe, saboda haka duk abin da aka ɗiga a bakin kunnen yake tsayawa. Sai da likitan ya zuƙe mugunyar da na'ura, sannan ya zura wani ɗan lagwani na soso wanda ke shan maganin yana kai shi ciki, kafin na fara jin sauƙi. Zura lagwanin yana da zafi sosai, ba zan ɓoye ba, amma da shi ne ciprofloxacin ya kai ga ƙwayoyin cutar, dexamethasone kuma ya kwantar da kumburin.

Ana ɗiga ɗigo 4 sau 2 a rana har kwana 7. A girgiza kwalbar, a ɗumama ta a tafin hannu, domin magani mai sanyi yana kawo jiri, sannan a kwanta da kunnen a sama na ɗan lokaci. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne farin garin da yake bari a ciki, wanda ya sa jina ya daɗe bai washe ba.

Idan aka yi kwana 2 zuwa 3 babu sauƙi, ko zazzaɓi ya shigo, ko kumburin ya bazu zuwa fuska, a koma wurin likita ba tare da jinkiri ba, musamman tsofaffi da masu ciwon sukari, waɗanda cutar kan iya cin ƙashin ƙasan ƙoƙon kansu.