Balban ko Jalaluddin, wanne ya fi a sarautar Delhi?

Sultan Balban (1266 zuwa 1287) da tsoro ya riƙe Delhi, 'yan leƙen asiri ko'ina, da gwamnansa Tughril ya yi tawaye a Bengal kuwa sai da ya sa aka jera gawarwakin magoya bayansa a kasuwar Lakhnauti, babban birnin Bengal a lokacin, kai abin ba kyan gani wallahi. Eh hanyoyi sun samu tsaro, amma shekara 3 da rasuwarsa mulki ya bar gidansa.

Shi ko Jalaluddin Khalji, wanda mulkin ya koma hannunsa, dattijo ne mai sanyin hali, Malik Chajju, ɗan ɗan'uwan Balban, ya tayar masa, Jalaluddin ya kama shi ya yafe, fadawa sunata gunaguni. A 1296 ɗan ɗan'uwansa Alauddin, surukinsa ma, ya yaudare shi ya kashe shi a garin Kara. Nidai duk da haka na fi son zama ƙarƙashin Jalaluddin, gawarwakin kasuwar nan sun tsaya min a rai.